Gwajin jini ga wanda ya bugu a kai: kira ga likitocin Sakkwato

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan halin da ake shiga idan ɗan kabu-kabu ko fasinjansa ya faɗi, kansa ya bugi kwalta. Sau da yawa mutum yakan miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce babu komai, alhali jini na taruwa a cikin ƙoƙon kansa. Likita yakan auna hayyacinsa da ma'aunin Gilasgo mai maki 3 zuwa 15, inda 15 ke nufin cikakken hayyaci, amma ko wanda ya sami 14 ko 15 yana iya ɗauke da ɓoyayyen rauni, wanda sai hoton CT, wato hoton na'urar da ke hasko cikin kai, ke fallasa shi. Mutumin Isa ko Illela kuwa, kafin ya kai ga wannan hoto, sai ya sha doguwar tafiya da kashe kuɗin da ba kowane magidanci ke da su ba.

Idan ƙwaƙwalwa ta ji rauni, wasu sinadaranta sukan malala cikin jini. Biyu daga cikinsu, GFAP da UCH-L1, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajinsu a 2018, kuma a 2021 ta amince da wata na'urar hannu mai ba da sakamako cikin kimanin minti 15. Idan sinadaran ba su hau a cikin jini ba, da wuya hoton ya nuna rauni. Idan kuwa sun hau sosai tun ranar farko, alama ce ta rauni mai tsanani da jinya mai wuya. Gwajin ba ya maye gurbin hoto, amma yana nuna wa likita wanda ya kamata a garzaya da shi.

Sai dai akwai abin lura. Wani sinadarin irin waɗannan mai suna S100B, wanda ƙasashen arewacin Turai suka sanya gwajinsa cikin ƙa'idojinsu na duba raunin kai a 2013, yakan hau idan ƙashi ya karye, kuma an gano cewa yawansa a jinin baƙar fata ya ɗara na Turawa ko da lafiya lau suke. Ke nan ma'aunin da aka yanka a can ba lalle ya dace da mu ba.

Shi ya sa nake kira ga cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta jagoranci bincike a kan jinin mutanenmu, gwamnatin jiha kuma ta ɗauki nauyin gwada na'urar a manyan asibitocin da ke bakin hanyoyin da haɗari ya fi yawa.

Naka,
Wani mai karatu daga Sakkwato