Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Lokacin Dashen Ƙashi Ga Yara Masu Tsagaggen Leɓe

Allah ya ja zamanin Sarki.

Bayan gaisuwa da ban girma, ina roƙon Mai Martaba ya dubi lamarin yaran da ake haifa da tsagaggen leɓe da ganɗa. Iyaye da dama sun san cewa ana ɗinke leɓe tun jariri yana da wata 3 zuwa 6, a kuma rufe ganɗa wajen shekara ɗaya, amma da zarar fuska ta gyaru sai su ɗauka an gama magani, alhali a ƙarƙashin leɓen akwai giɓi a ƙashin dasashi wanda ɗinki ba ya cike shi.

Wannan giɓin ne yakan sa ruwa ko kunu ya riƙa fitowa ta hancin yaro, kuma haƙorin da ya kamata ya tsiro a wurin ya rasa ƙashin da zai kafu a ciki. Maganinsa tiyata ce da ake ɗebo ɗan ƙashi mai laushi daga ƙugun yaron a cike wurin da shi. Lokacinta ƙayyadadde ne: yawanci tsakanin shekara 8 zuwa 11, lokacin da yaro ke famfara, kafin fiƙar sama ta dindindin ta huda dasashi, sa'ad da saiwarta ta kai rabi ko kashi biyu cikin uku. Likita yana tabbatar da haka ne ta hoton haƙora, ba da ƙidayar shekaru kaɗai ba.

A da, a Turai, ana yin dashen tun yaro yana goye, sai aka lura hakan yana tauye girman muƙamuƙin sama, har fuska ta lotsa. Daga 1972, bayan aikin likitoci Boyne da Sands a Amurka, aka karkata ga jiran shekarun famfara. Jinkiri ma yana da illa, domin idan fiƙa ta riga ta fito, dashen ba ya kamawa yadda ake so, kuma ana iya rasa haƙoran da ke gefen tsagar. Wasu yaran ma sai an sa musu ƙarfen haƙori na wasu watanni kafin aikin, don haka tun suna shekara 7 ya kamata a fara duba su.

Zariya tana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, mai sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Roƙona shi ne Mai Martaba ya umarci hakimai, dagatai da masu unguwanni su sanar, limamai kuma su ambata a masallatan Juma'a, cewa duk yaron da aka taɓa ɗinke wa leɓe a mayar da shi asibiti da ya fara famfara, ko da lafiya lau ake ganinsa. Haka kuma fada ta sa baki wajen gwamnatin jiha domin a rage wa talakawa kuɗin hoto da na aikin.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Daga wani talakan Mai Martaba,
Tudun Wada, Zariya.