Ina neman abokin tafiya wankin zinare, amma kowa ya ji sunan zinare sai idonsa ya sauya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ina sauraron shirinka ta intanet duk daren Lahadi daga Gilasgo ta ƙasar Sukotlan, inda nake aikin jinya yau shekara tara. Asalina mutumin Gusau ne, shekaruna 44, ina da mata da 'ya'ya uku. Na san wasiƙun da ka saba karantawa na aure ne da gado da bashi, tawa kuwa za ta zo maka banbaraƙwai. Ka yi haƙuri ka bi ta har ƙarshe, domin abin yana cin raina, kuma na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimce ni.

A shekarar 2021, bayan wahalar da muka sha a asibiti lokacin korona, na zama kamar ba ni ba. Ba barci, ba fara'a, yara ma tsoron yi mini magana suke. Wata abokiyar aiki ta ce in fita gari in sha iskar duwatsu. Haka na tuƙa mota tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci zuwa wani ƙauye da ake kira Wanlockhead, wanda ya fi kowane ƙauye tudu a Sukotlan. Tsohon garin haƙar dalma ne, yana da gidan tarihi, a nan ake koya wa mutane wankin zinare a kuma sayar musu da takardar izinin shiga rafi. Zinaren duwatsun yankin ba sabon labari ba ne, da shi aka ƙara wa kambin sarautar ƙasar a 1540.

Malam, bari in kwatanta maka, don ka san abin da nake magana a kai. Za ka sa dogon takalmin roba ka shiga ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara, ka durƙusa bayan wani babban dutse inda ruwa ke rage gudu, ka ɗebo tsakuwa da yashi cikin kaskon roba mai zara-zara a gefe. Sai ka nutsa kaskon ka yi ta girgizawa, kamar yadda iyayenmu mata ke rege shinkafa da ƙwarya. Zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau uku ba, saboda haka duk girgizar da ka yi, shi ƙasa yake yi, tarkacen na tasowa. Ka zubar, ka sake nutsawa, ka zubar, har ya rage baƙin yashi cikin cokali ɗaya. Sai ka juya ruwan a hankali. In Allah ya sa da rabo, za ka ga wani ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba, ya lafe a gindin kasko ya ƙi motsi, launinsa ba ya sauyawa ko ka kare shi daga rana. Ranar da na fara ganinsa hannuna ya ƙage don sanyi, amma na yi minti goma ina kallonsa ina tasbihi. A daren nan na yi barcin da na shekara ban yi ba.

Tun daga nan duk hutun da na samu rafi nake nufa. Abin da na tara gaba ɗaya yana cikin wata 'yar kwalba, bai cika giram biyu ba, kuma kuɗin man da na ƙona ya ninka darajarsa sau da yawa. Ban taɓa sayar da ko ɗigo ba. Ni namiji ne, ba zan sa zinare ba. Burina in tara abin da maƙeri zai yi wa babbar 'yata ɗan kunne, ta sa ranar aurenta, ta san da hannuna na wanko shi.

Abin da ya kawo maganar abokin tafiya shi ne, a watan Oktoban bara santsi ya kwashe ni a kan dutse na gurɗe a ƙafa. Ni kaɗai ne a kwarin, waya ba sabis, kayana sun jiƙe, duhu na shigowa. Da rarrafe na kai mota, kusan awa biyu. A matsayina na ma'aikacin jinya na san abin da sanyi ke yi wa jiƙaƙƙen mutum, na san kuma da kaina na buga ba ƙafa ba, da wani labarin ake yi. Maiɗakina ba ta yi faɗa ba. Ta gasa mini ƙafar, sannan ta tuna mini hadisin da ya hana mutum tafiyar dare shi kaɗai, ta ce ba ta hana ni abin da ya dawo mata da mijinta ba, amma daga yau ba rafi, ba ƙetare, sai da mutum na biyu. Na yi mata alkawari.

Ga shi kuwa raina ya riga ya tafi ƙetare. Akwai wani ƙauye a arewacin Finlan, Tankavaara, fiye da kilomita 200 arewa da birnin Rovaniemi, mai gidan tarihin zinare, inda masu wannan sha'awa daga ƙasashe da yawa ke haɗuwa lokacin zafinsu har da gasar wanki. A yankin ne aka yi rububin zinare a kogin Ivalo a 1870. Bayan nan, in da rai, ina son in taka jihar Biktoriya ta Ostireliya, wajen Ballarat da Bendigo, inda aka yi rububin 1851, inda kuma a 1869 wasu mutum biyu suka tono curin da ya haura kilo 70 dab da saman ƙasa. Can da na'urar gano ƙarfe ake yawo, kuma mutum na iya yankar takardar izini ta shekara goma. Amma daji ne mai macizai da tsofaffin ramuka marasa murfi, ba wurin da baƙo zai shiga shi kaɗai ba ne.

Na fara da na kusa. Wani abokina da muke sahu ɗaya a masallaci ya ce zai bi ni Wanlockhead ya gani. Tun a mota yake lissafin farashin giram. Awa huɗu muka yi, muka sami ɗigo uku, ya ce wannan wahalar banza ce, ya koma mota ya kunna hita. Abin da ya fi mini ciwo, daga baya na ji yana faɗa wa mutane wai ainihin wurin na ɓoye masa, na kai shi inda babu komai. Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Sai ɗan ƙanin mahaifina, wanda ke gida. Shi ya san zinare fiye da ni nesa ba kusa ba, domin ya je Jado a arewacin Nijar bayan da aka gano zinare a can a 2014, ya yi wata bakwai a sahara, ya dawo da rama da bashi. Yaro ne mai ƙarfi da juriya, mai salla, tare za mu ci, tare za mu yi jam'i, kuma in na faɗi a daji ba zai bar ni ba ko zai mutu. Da ya ji labarin Finlan sai ya kira ni ya ce: "Yaya, ga ni, me za ka yi da bare?" Na yi masa bayani cewa wannan ba Jado ba ce, mako biyu ne, kuma mai yiwuwa mu dawo da abin da bai kai kuɗin abincin kwana ɗaya ba. Ya yi dariya ya ce haka masu samu ke faɗa. Da na matsa, sai ya fito fili ya ce in dai ya taka Turai, zinare ko ba zinare, shi ya san yadda zai yi. Malam, ni zan tsaya masa wajen biza, ni zan biya jirgi, sunana ne a takarda. In ya ɓace, zamana da aikina da makarantar 'ya'yana duk suna iya shiga matsala. In kuma na ce a'a, a gida za a ce na samu hanya na rufe wa ɗan'uwa ƙofa. An ma fara faɗa.

Hajiyarmu kuwa ko sunan abin ba ta son ji, kuma ban ga laifinta ba. Tana Zamfara a 2010 lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta ga yadda haƙar ta cakuɗe da ta'addancin daji har gwamnati ta hana ta a jihar a 2019. Ta ji labarin Kuri Bugudi a arewacin Chadi, inda aka kashe mutum kusan ɗari a rikicin mahaƙa a 2022. A wurinta zinare rami ne da bindiga da gawa. Na rantse mata ba na haƙa rami, ba na niƙa dutse, ba na taɓa sinadari, ruwa ne kawai da kasko da takardar hukuma. Ta ce: "Duk wanda ya tafi haka ya ce." Ba ta hana ni da baki ba, amma ba ta sa albarka ba, kuma wannan shirun ya fi mini nauyi a kan hani.

Yanzu ga wanda zuciyata ta fi karkata gare shi. Wani dattijo ne Bature, tsohon direban jirgin ƙasa, ya haura saba'in, matarsa ta rasu. A bakin rafi muka haɗu shekara uku da suka wuce. Ya tsaya yana kallon yadda nake girgiza kasko, ya karɓa ba tare da dogon zance ba ya nuna mini inda nake zubar da zinaren da kaina. Tun daga nan mun haɗu ya fi sau ashirin. Wata rana la'asar ta yi, na shimfiɗa rigar ruwana a kan ciyawa na tayar da salla. Da na sallame sai na ga ya janye karensa can nesa ya riƙe shi, ya kuma kashe 'yar rediyonsa. Ban taɓa roƙonsa ba. Bayan nan in ya kawo abinci sai ya ce mini wannan kifi ne, wannan cuku ne, ba naman da zai dame ka. Ya je Finlan sau da dama, ya san masauki, ya san hanya, kuma shi ya ce in zo mu tafi a watan Yuli mu raba kuɗin mota da ɗaki. Bai taɓa tambayata nawa na tara ba.

Amma ba Musulmi ba ne. Da yamma yakan sha kwalba ɗaya ta giya, bai ɓoye mini ba, kuma ɗaki ɗaya za mu kwana mako biyu. Ga shekaru: ni aka ce in nemi mai kula da ni, shi kuwa yana shan maganin zuciya, wataƙila ni zan zama mai jinyarsa a wurin da asibiti ke da nisa. Ga kuma bakin mutane, a ce na bar jinina na bi Bature.

Akwai na huɗu, ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. A wani zauren Facebook muka haɗu, ya ce yana Ostireliya, in turo rabin kuɗin na'urar gano ƙarfe ta kamfanin Minelab ya saya kafin in zo. Sau biyu na nemi mu yi magana ta bidiyo yana kawo uzuri. Ban tura ba, ba kuma zan tura ba.

To Malam, ga inda nake neman haskenka. An ce a nemi abokin tafiya kafin hanya, amma da wane ma'auni? Wanda muka haɗa jini da alƙibla amma niyyarmu ta bambanta, ko wanda niyyarmu ɗaya amma addini ya raba mu? Ya halatta in kwana ɗaki ɗaya da mai shan giya in na sharɗanta masa kada ya shigo da ita, ko kuwa in kama ɗakina daban ko da kuɗin zai yi mini yawa? Da wane harshe zan ce wa ƙanina a'a ba tare da zumunci ya tsinke ba? Na yi tunanin in ba shi jari daidai kuɗin jirgin da zan kashe masa, ya kama sana'a a gida, sai dai ina tsoron ya ɗauka toshiyar baki ce.

Sannan maganar rabo. Ko da ɗigo goma ne, na ga yadda zinare ke sauya fuskar mutum. Shin kowa ya riƙe abin da kaskonsa ya kamo, ko a haɗa a raba biyu? Ya dace mu rubuta tun kafin mu tashi, ko rubutun zai zama kamar zargi ga mutumin da bai taɓa nuna mini kwaɗayi ba? Zakka dai na san ban kusa ba, tunda nisabi giram 85 ne.

Akwai kuma salla. A farkon Yuli rana ba ta faɗuwa a can sam, tsakar dare ma tana sama. Yaya zan yi da magariba da isha da asuba, in bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare, ko lokacin Makka?

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. In Hajiya ba ta ce kada ka je ba, ba ta kuma ce Allah ya kiyaye hanya ba, tafiyata saɓa mata ce? Na yi niyyar in kira ta ta bidiyo daga bakin rafi ta ga ruwan da kaskon da idonta, ko gani zai kori ji, amma ban sani ba ko hakan zai ƙara tayar mata da hankali.

Dattijon ya ce in ba shi amsa kafin ƙarshen wata mai kamawa, saboda ɗakunan can da wuri suke cika. Ƙanina kuma duk Juma'a sai ya kira ya tambaye ni ko ya fara neman fasfo. Ina roƙon ka sakaya sunana in za ka karanta, domin 'yan gida da yawa suna sauraronka.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da basira.

Ɗanka mai sauraro,
daga Gilasgo