Fim ɗin zawarawa: ina mazan da suka yi sakin?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Daga Makka nake rubuto maka, a kan fim ɗin barkwancin nan na zawarawa da kuka yaba a shirinku. Nan ma ya karɓu, duk gidan Hausawan da ka leƙa a Shara Mansur shi ake kallo a waya. Mu ma mun zauna kallonsa bayan isha'i, ni da ƙanwata da maƙwabta. Ana tsakiyar shewa, daidai inda matan ke rige-rigen kwalliya saboda bazawari, sai ƙanwata ta ajiye kofin shayinta ta shige ɗaki. Watanta huɗu da saki.

Igamarta, wato takardar izinin zama a Saudiyya, a ƙarƙashin sunan mijin take. Ranar da ya miƙa mata takarda, har zamanta a ƙasar nan sai da ya girgiza. Ga yara biyu. Yanzu waina take soyawa tun kafin asuba, kuma duk motar da ta tsaya a bakin layi sai gabanta ya faɗi. Wannan ce bazawarar da na sani, ban kuma gan ta a fim ɗin ba.

Ba na ƙin raha, wallahi. Abin da ya sosa mini rai shi ne an tara mata ana yi musu dariya, amma ba a nuna mijin da ya watso kayan matarsa waje da tsakar dare ba, alhali ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga gidanta tana cikin idda. Tun Janairun 2019 kotunan Saudiyya ke tura wa mace saƙon waya idan an sake ta, saboda masu saki a ɓoye. To, matanmu da aka ɗaura wa aure a zaure babu rajista, wace kotu ce za ta turo musu? A Kano ma lamarin ba ƙarami ba ne: auren zawarawan da Hisbah ta fara da mata 100 a 2012 ya kai ma'aurata 1,800 a 2023.

Don Allah ku ware shiri guda ku buɗe wa zawarawa layi su yi magana da bakinsu. Ƙanwata ta ce in kun buɗe, za ta kira.

Mai sauraronku kullum,
daga Makka, Saudiyya.