Wasiƙa daga Edinbura

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan gidan abincinka. Na san shiruna ya yi yawa tun Babbar Sallah, amma abin da na gani a makon jiya ya hana ni ci gaba da shirun, domin kai na fara tunawa tun ina zaune a wurin.

Malamina ne ya kai ni wani gidan abinci mai suna The Kitchin, a unguwar Leith da ke bakin teku, don taya ni murnar kammala rubutun digirina. Mai gidan, Tom Kitchin, ya buɗe shi a 2006 tare da matarsa Michaela, a cikin wani tsohon sito, kuma a 2007 ya samu tauraron Michelin, lambar yabon da kukun Turai suke kwana suna mafarkinta. Ya koyi girki a hannun manyan kukun Faransa, irin su Pierre Koffmann a Landan da Alain Ducasse a Monte Carlo, amma da ya dawo gida sai ya ɗora wannan ilimi a kan abin da ƙasar Sikotilan da tekunta suke bayarwa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙaramar taswirar ƙasar da suka ajiye mana a tebur, wadda ta nuna inda kowane kayan miya da nama da kifi suka fito. Na ci wani naman kwanson teku mai laushi wanda masu nutso suke tsintowa da hannu ɗaya bayan ɗaya a tsibiran Orkney, ba tare da an ja raga an lalata ƙasan tekun ba. Akwai kuma wani tsuntsun daji mai kama da fakara, wanda doka ba ta yarda a farauce shi ba sai daga 12 ga Agusta, don haka ba ya shiga jerin abincinsu sai lokacinsa ya yi. Ban taɓa shi ba, ka san dalili. Na tsaya a kan kifi.

Ka tuna gardamar da muka yi a shagonka, kana cewa mai cin abinci ba ruwansa da asalin albasa? To, ina nan a kan bakana. Kai da kake sayen albasar Aliero da tumatirin Kadawa da kifin Yawuri, me zai hana ka rubuta hakan a allon shagonka, mutane su san gumin wa suke ci? Na ga yadda malamina ya ninke taswirar ya sa a aljihu zai kai wa 'yarsa.

Ita ma tawa tana nan na adana maka, zan zo da ita in Allah ya kai mu Disamba. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
amininka na Edinbura