Zuwa ga abokan cinikinmu na Zuba da Madalla, kan batun kuɗin bet

Assalamu alaikum.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke hulɗa da rumfunanmu na POS guda uku, biyu a Zuba ɗaya a Madalla, muna gaishe ku. Ya kasuwa, ya iyali? Allah ya ƙara rufa asiri.

Daga ranar 1 ga watan gobe, in Allah ya kai mu, za mu daina abu biyu. Ba za mu ƙara zuba wa kowa kuɗi a asusun kamfanin caca ba, na ƙwallo ne ko na lamba. Kuma ba za mu ƙara ba da lambar asusunmu a turo kuɗin da wani ya ci domin mu ƙirga masa tsaba ba. Cire kuɗi, tura kuɗi, kuɗin wuta, katin waya da data duk suna nan yadda kuka saba.

Mun san abin da wasu za su ce, don mun sha jin sa a bakin tebur: "To ku ina ruwanku, ba gwamnati ce ta ba su lasisi ba?" Tsakani da Allah, mu ma da wannan maganar muka daɗe muna rarrashin zukatanmu. Sai da muka zauna da wanda ya san takardu muka gane cewa lasisin da ake ta kafa hujja da shi ba yadda muka ɗauke shi yake ba.

Ga yadda abin ya faro. A 2005, zamanin Obasanjo, Majalisar Tarayya ta yi dokar caca ta ƙasa. Ita ta kafa hukumar NLRC mai ba da lasisi, da wani asusu da ake zuba wani kaso na kuɗin caca domin ayyukan jama'a. Jihar Legas, wadda ke da tata hukumar, ba ta yarda ba. A 2008 ta kai ƙara Kotun Ƙoli, wasu jihohi suka mara mata baya. Shari'ar ta yi shekara 16 tana kwance tana tashi. Ranar 22 ga Nuwamba, 2024, alƙalai 7 suka yi magana da murya ɗaya, Mai Shari'a Mohammed Idris ne ya rubuta jagoran hukuncin. Suka ce a duba kundin tsarin mulki: babu caca a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, babu ita kuma a jerin da tarayya da jihohi ke haɗa hannu a kai. Abin da bai shiga jerin nan biyu ba, na jiha ne. Saboda haka dokar 2005 ba ta da ƙarfi ko'ina sai a Babban Birnin Tarayya, inda Majalisar Tarayya ke zaman majalisar jiha.

Mu wannan hukunci a ƙofar rumfarmu ya sauka. Zuba tana cikin Abuja. Madalla kuwa, da ba ta wuce a hau mota a sauka ba, tana ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja. Takardar tarayya da mai shagon bet ya saka a firam ya rataye a bango tana iya yin magana a Zuba, amma da ta tsallaka iyaka, mai maganar yana Minna. Neja kuma tana cikin jihohi 12 na Arewa da suka ɗauki shari'ar Musulunci tun bayan da Zamfara ta buɗe ƙofa. Yaronmu da ke ɗaukar na'ura daga wannan rumfa zuwa waccan da safe, bai san ya fita daga hannun wata doka ya shiga hannun wata ba.

Ku dubi yadda jihohi suka rabu. A Kano, cikin Oktoban 2024, Hisbah ta rufe shagunan bet har 30 a unguwa ɗaya, wasunsu sun fake da sunan gidan kallon ƙwallo ko na wasan game. Hukumar tarayya ta ce ai dokar ƙasa ta halatta sana'ar, aka ɗan saurara. Da hukuncin Kotun Ƙoli ya fito, Hisbah ta sanar cewa za ta koma kan aikinta, tunda yanzu ba a ja da dokar Kano a cikin Kano. Legas kuwa akasin haka ta yi: tana da dokarta ta 2021 da hukumarta mai zaman kanta, tana ba da lasisi tana karɓar kuɗin shiga. A 2025 Majalisar Tarayya ta sake gwada wata hanyar da wani ƙudiri na haɗe harkar caca wuri ɗaya, musamman ta intanet. Jihohi suka yi mata ca, a ƙarshe Shugaba Tinubu ya ce ba zai sa masa hannu ba.

To a nan gizo ke saƙar. Shago ana iya sa masa kwaɗo, wayar da ke aljihunka kuwa ba ta san iyakar jiha ba. Mutum yana zaune a kan bencinmu a Madalla, kamfanin yana Legas ko ma a wata ƙasa, kuɗin kuma ta na'urarmu suka bi. Ran da abu ya ɓaci, kamfanin ba ya ganuwa, mu ne muke zaune a ƙarƙashin lema kowa yana ganinmu. Akwai manhajojin da aka kawo mana mu zuba musu kuɗi waɗanda ko sunan jihar da ta ba su izini ba su rubuta ba. In irin waɗannan suka riƙe maka kuɗi, wa za ka kai wa ƙara?

Sai batun haraji, wanda shi ya fi jawo mana cacar baki. Akwai ƙa'idar cire haraji tun daga tushe da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fitar a 2024, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025. A cikinta an sa kashi 5 cikin 100 a kan abin da mazaunin Najeriya ya ci a caca, wanda ba mazauni ba kuma kashi 15. Mai biyan kuɗin ne ke cirewa kafin su iso gare ka, ya miƙa wa hukumar haraji.

Wata ranar Lahadi da daddare, ana tashi daga kallon ƙwallo, wani ƙanenmu ɗan acaɓa ya zo rumfar Madalla da tikitinsa a hannu, ya linke shi gida huɗu har gumi ya fara cinye rubutun. An rubuta ₦40,000. Alat ya shigo mana da ₦38,000. Yaronmu ya juya masa fuskar wayar ya gani da idonsa, amma ina, bawan Allah ya riga ya ci kwalarsa yana cewa an yi masa ƙwange. Mutane suka taru. Sai da wani dattijo mai sayar da goro ya shiga tsakani, ya ce a buga lissafi a waya kowa ya gani: kashi 5 na ₦40,000 dai ₦2,000 ne, ba ƙari ba ragi. Ya saki kwalar, bai ba da haƙuri ba, ya karɓi kuɗinsa ya ja babur. Yaron namu kwana biyu bai fito aiki ba. Bai ci kwabon kowa ba, amma a bakin titi aka kira shi ɓarawo.

Haka nan ₦50 ɗin nan da ake cirewa in kuɗin da aka tura sun kai ₦10,000, ita ma ta gwamnati ce, ba ta shiga aljihunmu. Cajinmu shi ne wanda ke rubuce a allon da ke jikin rumfa, shi kaɗai.

Akwai kuma abin da masu cin kuɗin ba su cika lura da shi ba. Harajin da aka cire, da sunan wanda ya ci ya kamata a rubuta shi. Amma da yawa ba sa son alat ya shiga wayarsu, wani don kada uwargida ta gani, wani don mahaifinsa ne ya buɗe masa asusun. Sai a ce wa wakilin shago ya turo ta asusunmu. A takarda ke nan mu ne muka karɓi kuɗin caca sau goma sha a mako. Yanzu kuwa da aka sa hannu kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, suka fara aiki farkon 2026, aka mai da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS, kowane ɗan kasuwa ya san dole littafinsa ya zama wanda zai iya buɗewa a gaban kowa. Dama tun 2024 aka tilasta wa masu POS yin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Sunanmu na gaskiya ne a kan takardar nan, da adireshinmu.

Mun riga mun ɗanɗana. Harkar caca tana cikin sana'o'in da dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ke sa wa ido, masu yin ta sai sun yi rajista da SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan irin waɗannan sana'o'i, bankuna kuma suna lura da kuɗin da ke fitowa daga can. Bara bankin da muke hulɗa da shi ya dakatar mana da asusun rumfa ɗaya har kwana 9, saboda wasu kuɗi da suka shigo a jere daga hannun wani wakili da ake bincike a kansa. Jarinmu yana ciki. Hajiyoyin da ke ajiye mana cinikin yini su karɓa da safe su tafi sari, sai da muka ranto muka biya su. An sake mana asusun daga baya, babu laifin da aka same mu da shi, amma wanda ya yi kwana 9 yana zarya da fayil a hammata ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kai.

Bari mu ɗan kauce, don akwai wani lissafi da muka ga ya kamata ƙannenmu su sani, ko da ba za su bari ba. A ce wasa ne da ɓangarorin biyu suke kunnen doki. Da adalci za a bi, wanda ya sa ₦100 ya ci, ₦200 zai karɓa. Kamfani kuwa sai ya sa 1.90 a kowane ɓangare, wato wanda ya sa ₦100 ya ci, ₦190 zai karɓa. Mutum biyu suka sa ₦100 kowannensu, an tara ₦200, an biya ₦190, ₦10 ta zauna, ko wa ya ci. A wasa ɗaya ba ta da yawa. Amma ku da kuke jera wasa 10 a tikiti ɗaya don ₦200 ta zama dubu ɗari, wannan ɗan gutsuren sau 10 yake cizo, har abin da ya rage a matsakaici bai wuce kashi 60 cikin 100 na abin da aka zuba ba. Kullum muna jin "wasa ɗaya ne ya yanke mini tikiti." Ai haka aka gina shi. Lasisi yana nufin kamfani ya yi rajista, yana biyan gwamnati, an kuma shimfiɗa masa sharuɗɗa, ciki har da hana wanda bai kai shekara 18 ba. Bai taɓa nufin lissafin ya juyo wajenka ba.

Maganar shekara 18 ɗin ma, mu muka san yadda take a zahiri. Yaro zai zo da kayan makaranta a jikinsa, da ₦500 a dunƙule a hannu, ya ce yayansa ne ya aiko shi, ya karanto lamba da ka ba tare da ya duba takarda ba. Wanda aka aika ba ya haddace lamba haka. Mun kori wasu, wasu kuma in layi ya yi tsawo mun zuba musu mun wuce. Wannan laifinmu ne, ba za mu ɗora wa kowa ba.

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai kuma abin da ke tsakaninmu da Ubangijinmu. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ambaci caca tare da giya, kowane ɗan Islamiyya ya san ta, kuma mun daɗe muna jin nauyin ɗan kamashon da ke shigowa ta wannan hanya. Ba mu ce mun fi kowa ba, shekara nawa muka yi muna karɓa. Cikin abokan cinikinmu akwai Musulmi akwai Kirista, akwai wanda yake ganin kuɗinsa ne ya yi yadda ya so da su. Ba mu zama hukuma a kan kowa ba. Wanda ya zo da katinsa zai cire kuɗi daga asusunsa na kansa, ba za mu tambaye shi inda ya samo ba, ba huruminmu ba ne. Hannunmu kawai muka janye daga zubawa da karɓowa. Ranakun Asabar da Lahadi za mu ji a jikinmu, don cinikin yamma kusan duk na masu ƙwallo ne, mun kuma san wasu za su koma rumfar maƙwabta har da sauran hulɗarsu. Mun yi wannan lissafin kafin mu rubuto.

Wanda duk da haka zai ci gaba, ga abin da za mu ce masa a matsayin 'yan'uwa: ya duba ƙasan shafin kamfanin ya ga wace hukuma ce ta ba shi izini, ta wace jiha, ya kuma san abin da dokar jihar da yake zaune ta ce. Ya yi amfani da asusun da ke ɗauke da sunansa da BVN ɗinsa, kada ya ari na wani, kada kuma ya ara wa wani nasa. In an cire masa haraji, ya ajiye shaidar.

Duk wanda ya san an turo masa kuɗi ta asusunmu bai karɓa ba, ya zo da rasit kafin ƙarshen wannan watan mu sallame shi. Bayan nan, kuɗin da suka shigo daga wakilin caca za mu mayar da su inda suka fito.

Roƙonmu na ƙarshe, don Allah kada a yi wa yaran rumfa faɗa a kan wannan. Ba su suka yanke ba, umarni aka ba su. Mai ƙorafi ya same ni, ni mai rumfunan, ina zama a ta Madalla kowace Asabar daga bayan La'asar har a kira Magariba.

Wassalam.

Naku,
Mai rumfa da yaransa