Amsa ga mai tambayar tarihin gidan wasanmu na 'yar tsana

Malam, assalamu alaikum.

A bainar jama'a ka yi mini tambaya, don haka a bainar jama'a zan ba ka amsa. Ka ce wane tarihi ne ɗan ƙaramin gidan wasan 'yar tsana na ƙauye zai iya samu, kuma ina takardun da ke tabbatar da shi. Ka ƙara da cewa wataƙila mun tsara labarin ne don masu ba da tallafi su tausaya mana. Maganar cewa 'yan tsanarmu sun tsufa, yara kuma sun koma wa waya, ba za ta ɗauke ni lokaci ba. Allura da fenti suna maganin na farko, na biyu kuwa ka zo ranar wasa ka ga benci da idonka. Zargin ƙirƙira ne ya sosa mini rai, domin ba ni kaɗai ya taɓa ba.

Ya taɓa mutanen da suka kafa wurin, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya. Da bargo suka fara, an rataye shi a igiya, mutum ɗaya ya durƙusa a baya da 'yar tsana a kowane hannu yana sauya murya. Daga baya aka ara musu ɗakin ajiya, wani ya sassaƙa kawuna, wata ta ɗinka riguna, aka koyi sarrafa 'yan tsana masu zare da masu sanda. Babu wanda ya buɗe littafin rajista, don babu wanda ya zaci wata rana za a nemi hujja. Amma ka kankare fentin fuskar ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan tsanar, za ka tarar da wani a ƙarƙashinsa, da wani a ƙarƙashin wancan, kowanne aikin hannun mutum daban. Iyayen da ke kawo 'ya'yansu yau, su ma an taɓa kawo su, kuma suna iya gaya maka wanda ke bayan labule a zamaninsu.

Idan rashin takarda na nufin rashin tarihi, to ka shafe rabin wannan sana'a a duniya. Laurent Mourguet masaƙi ne a birnin Lyon na Faransa wanda aiki ya ƙare masa, ya koma cire haƙori a kasuwa, yana amfani da 'yar tsana don tara jama'a. Wajen 1808 ya ƙirƙiro 'yar tsana mai suna Guignol, wadda har gobe yaran Faransa ke kallo. Bai bar wasanninsa a rubuce ba. Ya mutu a 1844, sai a 1865 wani ya tattara su daga bakin masu wasa ya buga. A yankin Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yanzu, Matěj Kopecký, wanda ya rayu daga 1775 zuwa 1847, ƙauye-ƙauye yake bi da iyalinsa yana wasa da harshen Cek, a lokacin da Jamusanci ne ke mulkin manyan dandamalin birni. A babban birnin ƙasar tasa, Prague, aka kafa ƙungiyar masu wasan 'yar tsana ta duniya, UNIMA, a 1929. Ko a Amurka, gidan wasan Bread and Puppet da Peter Schumann ya kafa a New York a 1963 barin birni ya yi, ya zauna a wata gona a Glover ta jihar Vermont tun 1974, kuma tsohuwar rumfar gonar ce gidan tarihinsa. Ban ce mun kai su ba. Hanyar dai ɗaya ce, kuma ba ta ofis ta bi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ka zaɓa. Ka san hanyar wurinmu, ka san sunana. Da sani kake nema, da ka aiko ko ka zo. Sai ka jira daidai lokacin da ake duba buƙatarmu ta gyaran rufi, ka jefa shakka a zukatan mutane. Waɗanda suka yi hulɗa da ni sun san ban taɓa ƙara gishiri a labarin wurin nan ba, kuma duk abin da aka ba mu ana karanta lissafinsa a gaban kowa.

Wannan ɗabi'a ba kai ka fara ta ba. Abin ƙauye ba ya zama al'ada sai ɗan birni ya zo da kyamara ya ɗauke shi, ba ya zama tarihi sai wani mai digiri ya rubuta. Kuɗin raya fasaha yana tsayawa a manyan ɗakunan taro, inda mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya shiga da iyalinsa ba, wurin da kaka da jika ke zama benci ɗaya suna dariya kuma ana ce masa wasan yara. In an tashi neman hujja, a kan ƙarami ake tsanantawa.

Dattijuwar da ta ɗinka rigunan farko tana raye, hankalinta garau, kuma ta ji abin da ka faɗa. Ka zo ka tambaye ta duk abin da kake so, ka duba akwatunan kaya ɗaya bayan ɗaya. In ka samu ƙarya, ka shelanta ta. In ba ka samu ba, ka janye kalmarka a fili, domin ita da abokan aikinta ka kira maƙaryata.

Wassalam.