Sai da na ƙetare teku sannan na tuna da Gobarau

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ko Allah zai sa ya faɗa kunnen masu iya yin wani abu a kai.

Ni tsohon malamin makaranta ne, a cikin birnin Katsina aka yanke mini cibi. Shekarun baya 'yata da ke aikin jinya a Amurka ta gayyace ni, da na huta gajiya sai ta ce ta yankar mana tikitin jirgin ruwa na yawon buɗe ido, daga Miyami zuwa Bahamas. Na ce ni da ban san ruwan da ya wuce na dam ɗin Ajiwa ba? Ta ce, "Baba, jirgin nan gari ne guda, ba za ka ma san kana kan ruwa ba." Ni dai ban sani ba, amma cikina ya sani a daren farko.

Ana gobe za mu juyo aka ya da zango a wani ɗan tsibiri mai suna Great Stirrup Cay. Bahamas na da tsibirai kusan 700, wannan kuwa bai kai eka 300 ba, kuma tun 1977 yake hannun kamfanin jiragen, baƙinsu kaɗai suke saukewa a kai. Babban jirgin can cikin zurfi ya tsaya, aka riƙa kwasar mu a ƙananan jirage ana kai mu gaɓa, aka kuma ja mana kunne game da lokacin da na ƙarshe zai koma.

Yawancin mutane suna sauka suka baje a kan rairayi suna shanya jiki a rana, abin da ni Bakatsine ban ga dalilin biya masa kuɗi ba, tunda a gida kyauta muke samu har ta yi mana yawa. Sai jikana, ɗan shekara 11, ya ce, "Tsoho, in kana da ƙarfi taso mu je hasumiya." Na ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ashe ni zan taka.

Da takalmin fata na fita, irin wanda nake zuwa masallacin Juma'a da shi. Muna barin bakin ruwa iska ta ɗauke, hanya ta shiga wani kurmi gajere mai kauri, zafi ya taso da gumi mai danƙo, ba irin busasshen zafinmu na bazara ba. Dutsen wurin fari ne mai ramuka kamar saƙar zuma, ga kaifi kamar aska. Ba mu yi nisa ba maɗaurin takalmina na dama ya tsinke, na ƙarasa ina jan ƙafa, yaro na bina da dariya har da riƙe ciki. Amma na ga abin kallo. Ƙadangarun wurin jelarsu a nannaɗe take sama kamar ta kunama, kuma ba sa gudun mutum, sai dai su tsaya suna kallonka. Na tsuguna na daɗe ina duban wata 'yar ƙaguwa da ta ari gidan dodon koɗi tana ja, da ka taɓa sai ta shige ta toshe ƙofa da ƙafarta. Da azahar ta yi na sauka gaɓa na yi alwala da ruwan teku. Shekara da shekaru ina jin hadisin nan na cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, sai ranar na kurkure baki da shi, gishirin ya kusa sa ni hawaye.

Hasumiyar fara ce doguwa, Turawan Ingila suka gina ta a 1863 don haska wa jirage hanya da dare. Iyakarta ke nan. Ba mu ma hau ba, muka tsaya gindinta tare da wasu Turawa suna ta ɗaukar hoto kamar sun ga abin da ba a taɓa gani ba. Nan jikana ya ce, "Tsoho, ku a Katsina kuna da irin wannan?" Na yi dariyar manya na ce muna da Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta haura shekara 500, da ƙasa aka gina ta kuma tana nan tsaye. Ya ce, "To yaushe rabonka da hawa?" Edita, tun ina firamare. Kullum ina wuce ta a kan babur.

Da na dawo na ce sai na wanke wannan kunyar. Wata Asabar bayan sallar asuba na taka sayyada daga Ƙofar Sauri, na bi ta tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce, na ɓullo Ƙofar Soro gaban fadar Mai Martaba, na ƙarasa Gobarau kafin rana ta yi zafi. Tafiyar ba ta fi ta tsibirin wuya ba, abin gani kuwa ya ninka. Sai dai baƙon da bai san gari ba ba zai iya haɗa wuraren nan da ƙafa shi kaɗai ba. Ganuwa ma, inda ta saura, ruwan sama na ci, mu ma muna ci, mai ginin gida ya ɗebi ƙasa, mai shara ya zuba.

Roƙona ga masarauta da gwamnati da masu hannu da shuni ƙarami ne. A shata hanyar ƙafa guda ɗaya da za ta haɗa waɗannan wurare, a kafa alluna da Hausa da ajami da Turanci, a dasa bedi don inuwa, a ajiye benci da randa. Matasanmu da suka karanta tarihi suke zaman jiran aiki a koya musu rakiyar baƙi, su riƙa samun na cefane. In abin ya kama a cikin birni, Daura ma ga rijiyar Kusugu da fada, sai a yi musu tasu. Makarantu su fara kawo yara, don su ne za su ja iyayen, kamar yadda aka ja ni.

Jikan nawa zai zo hutun ƙarshen shekara, ya ce sai ya ga hasumiyar da na yi masa cika baki a kai. Na riga na sayi kambas.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Ƙofar Sauri, Katsina.